Kuɗin ƙofa, filaye da zakarun zari-ruga ta 'yan goma sha uku

Ranar Laraba 5 ga watan Mayun 1954, Warrington da Halifax suka sake karawa a wasan ƙarshe na Challenge Cup, gasar kofin zari-ruga ta Ingila, bayan sun yi kunnen doki 4-4 a filin Wembley da ke Landan. Aka kai wasan Odsal da ke Bradford a arewacin Ingila. Filin nan wani ƙaton rami ne da a da hukumar garin ke jibge shara a ciki, aka share gindinsa aka buɗe shi a 1934, 'yan kallo suna tsayawa a jikin gangaren kamar tururuwa a bakin kwano. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 102,569 suka shiga ran nan, waɗanda suka gane wa idonsu kuma sun daɗe suna cewa an fi haka nesa ba kusa ba, don jama'a sun yi ta tsallake shinge. Warrington ta ci 8-4. Da yawa cikin masu kallon daga masaƙu da ramukan kwal suka taso bayan tashi daga aiki, kuma kuɗin da suka biya a ƙofa shi ne jinin wannan wasa tun ranar da aka haife shi. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa dokokin rugby league, wato zari-ruga ta 'yan goma sha uku, suke yadda suke, da dalilin da ya sa filayenta da yawa suka zama kantuna.

Asalin rabuwar wannan wasa da zari-ruga ta 'yan goma sha biyar a kan sule shida aka yi ta. A ƙarshen ƙarni na 19 ƙungiyoyin zari-ruga mafiya ƙarfi suna Yorkshire da Lancashire ne, 'yan wasansu ma'aikata ne da ke aiki har ranar Asabar. Duk wanda ya bar aiki don ya buga wasa sai a yanke masa lada. Ƙungiyoyin suka nemi a bar su su riƙa biyan diyyar wannan lokaci, hukumar da ke Landan ta ƙi amincewa a 1893, domin manyanta masu hali ne da ke ganin karɓar kuɗi a wasa zubar da mutunci ne. Ranar 29 ga Agustan 1895 aka zauna a otal ɗin George da ke Huddersfield, ƙungiyoyi 22 suka ɓalle suka kafa Northern Union, suka yanke diyyar sule shida a rana. Sunan Rugby Football League sai a 1922 aka ɗauke shi.

Tunda an fara biyan 'yan wasa, dole ƙofa ta kawo kuɗi, ƙofa kuwa ba ta kawowa sai mai kallo ya ga ƙwallo da idonsa. Sai aka shiga datse duk abin da ke ɓoye ta. A 1897 aka soke jifan da ake yi daga gefen fili. A 1906 aka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13, aka kuma kawo dokar da ta zama ƙashin bayan wasan: idan aka kayar da mai ƙwallo, ba a taruwa a kansa ana kokawar ƙwace ta, sakinsa ake yi ya miƙe, ya ajiye ta a ƙasa ya tura ta baya da ƙafa ga abokinsa. A wannan siga ce wasan ya kafu a Ostireliya, inda aka fara gasar Sidni a 1908 bayan an ja hankalin fitaccen ɗan wasa Dally Messenger, kuma South Sydney ta ci kofin farko.

A yau lissafin haka yake. Minti 80, kowane ɓangare 40. Dangwala ƙwallo a bayan layin abokan hamayya, wato try, maki 4 ne tun 1983, kafin nan 3 ne. Bugun da ke biyo baya maki 2, kuma daga daidai saitin inda aka dangwala ake buga shi, shi ya sa za ka ga ɗan wasa ya riga ya tsallake layi amma yana ci gaba da gudu zuwa ƙarƙashin turaku. Bugun laifi maki 2, bugun da ake sakin ƙwallo ta taɓa ƙasa a ɗirke ta maki 1. Ƙungiya tana da kamu shida kafin ta miƙa ƙwallo, masu tsaro kuma sai sun ja baya mita 10 bayan kowane kamu, ban da biyu da aka yarda su tsaya gaban wanda aka kayar. A ƙa'ida kamu uku na farko na ƙarti ne masu cin ƙasa, na huɗu a baza ƙwallo gefe, bayan na biyar a buga ta da ƙafa.

Wannan bugun na ƙarshe shi ne inda fasalin fili ke shiga cikin sakamako. Cikakken fili mita 100 ne daga layin ci zuwa layin ci, faɗinsa mita 68, sannan bayan kowane layi akwai farfajiyar dangwale mai zurfin mita 6 zuwa 11. Turaku biyu tazarar mita 5.5, sandar tsakiya mita 3 daga ƙasa. Mai bugu yana so ƙwallo ta gangara ta kwanta cikin farfajiyar nan, a rutsa mai tsaro a ciki, don a tilasta wa ƙungiyarsa ta bugo ƙwallon daga ƙarƙashin turakunta, a sake samun kamu shida a kanta. Idan kuwa ƙarfin bugun ya yi yawa ta fice ta baya, abokan hamayya za su fara daga mita 20 da ƙarin kamu ɗaya, bakwai ke nan. Bambancin farfajiya mai mita 6 da mai mita 8 ga mai bugu kamar bambancin dare da rana ne. Akwai kuma bugun 40/20 da aka kawo a 1997: ka buga daga bayan layin mita 40 na gidanka, ƙwallo ta taɓa ƙasa ta fita ta gefe cikin mita 20 na abokan hamayya, sai ƙwallon ta dawo hannunku a can. A gajeren fili irin Wheldon Road na Castleford, wanda bai kai mita 100 ba, wannan bugu ya fi sauƙi, kuma 'yan gida sun san haka sarai.

Matsalar ta fi fitowa a filayen ƙwallon ƙafa da ake aro. Ciyawar irin waɗannan filaye wajen mita 105 ce, alhali mafi ƙarancin abin da cikakken fili ke buƙata 112 ne. To, sai a matse layuka a rage farfajiya. A Old Trafford da ke Manchester akwai ƙarin illa, don ciyawar a tudu take, da ta ƙare sai gangara zuwa allunan talla. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2013, wanda Ostireliya ta lallasa Niyu Zilan 34-2 gaban mutum 74,468, Brett Morris ya dangwala ƙwallo da gudu ya zame ya gwabza da allunan ya ji rauni. Shi kansa Odsal yana da nasa aibin, domin hanyar tseren babura da motoci ta kewaye ciyawar, har kusurwoyin filin suka ɗan tashi sama kamar gefen faranti.

A koma kan zakaru. Babu mulkin da ya kai na St George a Sidni, wadda ta ci kofi sau 11 a jere daga 1956 zuwa 1966. Tana da gwanaye irin su Reg Gasnier da Johnny Raper da Norm Provan, wanda ya buga goma daga cikin wasannin ƙarshen nan, tana kuma da kuɗi, don a 1956 ne jihar New South Wales ta halatta injinan caca a kulob-kulob, ribarsu ta riƙa biyan albashin 'yan wasa. Amma babban makaminta doka ce. A lokacin babu iyakar kamu. Ƙungiyar da ƙartinta suka fi ƙarfi tana iya riƙe ƙwallo minti goma tana dakan abokan hamayya har su gaji. Ingila ta gaji da irin wannan wasa mai korar 'yan kallo, ta kawo dokar kamu huɗu a 1966, Ostireliya ta bi sahu a 1967, a shekarar ce kuma Canterbury ta fitar da St George kafin wasan ƙarshe. Tsufan manyan 'yan wasanta ya taimaka, ba a musu, amma da wuya a ce dokar ba ta da hannu. Kamu huɗu ya yi kaɗan, wasa ya koma bugu da firgici, sai aka mayar da shi shida a farkon shekarun 1970.

Daga wannan zamani aka samo kofin da zakaran NRL, babbar gasar Ostireliya, ke ɗagawa yau. A wasan ƙarshe na 1963 a Sydney Cricket Ground ruwa ya mayar da fili taɓo, St George ta doke Western Suburbs 8-3. Bayan tashi mai hoto John O'Gready ya ɗauki kyaftin ɗin biyu, dogon Provan da ɗan guntun Arthur Summons, sun rungumi juna, laka ta rufe su har ba a gane launin riga. Siffar nan aka ƙera da tagulla a kan kofin. Shekara biyu bayan haka mutum 78,056 suka cika wannan fili, wasu a kan rufin rumfuna, don ganin St George da South Sydney.

Wigan ce ta yi irin wannan mulki a Ingila, hanyarta kuwa ita ce ta mayar da 'yan wasanta masu cikakken aiki a lokacin da sauran ƙungiyoyi ke atisaye da dare bayan an tashi daga sana'a. Da Ellery Hanley da Shaun Edwards da Andy Gregory, daga baya Martin Offiah da Jason Robinson, ta ci Challenge Cup sau takwas a jere daga 1988 zuwa 1995, da gasar lig sau bakwai a jere. A 1987 mutum 36,895 suka cushe a Central Park suka ga ta doke Manly ta Ostireliya 8-2, wasan da ko dangwale ɗaya ba a yi ba. Sai dai albashin ya fi abin da ƙofa ke kawowa. Da kuɗin talabijin na kamfanin Rupert Murdoch suka shigo, fam miliyan 87, aka kafa sabuwar babbar gasa mai suna Super League a 1996, aka ɗauke wasan daga hunturu zuwa bazara, kowa ya zama mai cikakken aiki, fifikon Wigan ya zagwanye, bashinta kuwa yana nan. Central Park, gidanta tun 1902, aka sayar wa kamfanin kantuna na Tesco, aka buga wasan ƙarshe a can a 1999. Inda Billy Boston, tsohon gwarzon Wigan, ya yi ta ture mutane yanzu wurin ajiye motocin masu cefane ne.

Ba ita kaɗai ba. Swinton ta sayar da Station Road a 1992, filin da ya sha karɓar manyan wasannin ƙasa da ƙasa, kuma har yau ba ta koma yadda take ba. Huddersfield ta bar Fartown, Hull ta bar Boulevard, Warrington ta bar Wilderspool, St Helens ta bar Knowsley Road a 2010 bayan shekara 120. Darasin da ke cikin waɗannan ƙaura a fili yake. Ƙungiyar da ta sayar ta gina nata, irin Warrington da St Helens, tana cin kuɗin abinci da abin sha da hayar ɗakunan taro duk mako. Wadda ta sayar ta koma haya, kuɗin tikiti kawai take gani sau goma sha wani abu a shekara, mai gida kuma shi ke yanke ranar da za a ba ta ciyawa. Headingley na Leeds, wanda aka buɗe a 1890, shi ne tsohon da ya tsira da martabarsa. Babbar rumfarsa fuska biyu gare ta, ɗaya na kallon filin zari-ruga, ɗaya na kallon filin kurket. A nan aka buga wasan ƙarshe na farko na Challenge Cup a 1897, Batley ta doke St Helens 10-3, kuma tun 1963 aka shimfiɗa masa na'urar ɗumama ƙasa don kada sanyi ya daskarar da ciyawa.

Ingila tana da manyan ranaku biyu. Wembley na Challenge Cup ne tun 1929, lokacin da Wigan ta ci Dewsbury 13-2, kuma gasa ce ta faɗuwa ɗaya a tafi gida, shi ya sa abin mamaki ke faruwa, kamar yadda Sheffield Eagles ta kayar da Wigan 17-8 a 1998, da yadda Catalans Dragons ta kai kofin Faransa a 2018. Wasan da ba a mantawa shi ne na 1968. Ruwa ya kwanta a fili kamar tafki, Leeds na gaba 11-7, Ken Hirst na Wakefield ya dangwala ƙarƙashin turaku a daƙiƙar ƙarshe aka koma 11-10. Saura bugun maki biyu daga gaban turaku, wanda yaro ma zai ci. Don Fox, da aka riga aka zaɓa gwarzon wasan, ya taho kan jiƙaƙƙiyar ƙwallo, ta goce gefe, ya durƙushe a cikin ruwan.

Old Trafford kuma na wasan ƙarshe na Super League ne tun 1998. Shekara 29 ƙungiyoyi huɗu kacal suka yi ta karɓa-karɓa da kofin: St Helens sau 10, har da huɗu a jere daga 2019 zuwa 2022, Leeds sau 8, Wigan sau 7, Bradford sau 4. Sai a 2025 Hull KR ta fasa wannan da'ira, ta doke Wigan 24-6, bayan ta riga ta ci Challenge Cup, babban kofinta na farko cikin shekara 40. Tsarin yana da abin suka, don Leeds ta zama zakara a 2011 da 2012 alhali ta biyar ta ƙare a teburi, amma wasa ɗaya mai jan mutum dubu sittin zuwa saba'in ba abin da hukumar da ke neman kuɗi za ta saki ba ne. A wasan 2011 ɗin ne Rob Burrow, mai tsawon santimita 165 kacal, ya sulale ƙarƙashin hannayen ƙartin St Helens ya yi dangwalen da har yau ake nunawa. Cutar shanyewar jijiyoyi ta kama shi a 2019, abokinsa Kevin Sinfield ya tara miliyoyin fam da gudun dogon zango saboda masu cutar, har ya ɗauke shi a hannu ya tsallake layin ƙarshe na gudun famfalaƙin Leeds a 2023. Burrow ya rasu a 2024, lambar gwarzon wasan ƙarshe yanzu sunansa take ɗauke da shi.

Ostireliya ta zaɓi ƙayyade albashi a matsayin linzamin masu ƙarfi, kuma ba ta wasa da shi. A watan Afrilun 2010 aka gano Melbourne Storm tana da littattafan lissafi iri biyu, ɗaya na nuna wa hukuma, ɗaya na gaskiya. Aka ƙwace kofunanta na 2007 da 2009, aka sa ta ƙarasa kakar ba tare da ana ba ta maki ba, kuma ba a miƙa kofunan ga kowa ba. Wannan ne ya sa abin da Penrith ta yi, kofi huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, ya fi nauyi a ma'auni fiye da yadda adadin ke nunawa. Kowace shekara ƙa'idar albashi na tilasta mata sakin taurari, irin su Matt Burton da Viliame Kikau da Stephen Crichton, ita kuma tana cike gurbi da yaran da ta raina a yammacin Sidni. A wasan ƙarshe na 2023 Brisbane na gaba 24-8 saura ƙasa da minti 20, Nathan Cleary ya juya wasan aka tashi 26-24. Brisbane ta rama rashin a 2025, ta doke Melbourne 26-22.

South Sydney ce ta fi kowa kofi, 21, amma a ƙarshen 1999 aka kore ta daga gasar, lokacin da ake rage ƙungiyoyi zuwa 14 bayan rikicin talabijin da ya raba wasan gida biyu a 1997. Wasu suka yarda da haɗewa, St George da Illawarra, Balmain da Western Suburbs. South Sydney ta ƙi, dubun-dubatar magoya baya suka yi maci a titunan Sidni, ta ci shari'a a 2001, ta dawo a 2002. Da ta ci kofi a 2014, na farko tun 1971, Sam Burgess ya karye a ƙashin kunci a kamun farko na wasan kuma ya ƙarasa minti 80 ɗin.

Idan ana maganar filin da aka gina daidai da wasan, Lang Park na Brisbane ne. Tsohuwar maƙabarta ce, aka sake gina shi a 2003 mai kujeru 52,500, murabba'i, rumfunansa a tsaye daf da layi, saɓanin filayen kurket masu siffar ƙwai inda mai kallo ke nesa da wasa. A nan aka fara State of Origin, karawar jihohin Queensland da New South Wales, ranar 8 ga Yulin 1980. Kafin nan ɗan wasa yana wakiltar jihar da yake aiki ne, kuɗin Sidni kuwa sun kwashe gwanayen Queensland, sai ana dukanta da 'ya'yanta. Da aka ce kowa ya koma jiharsa ta asali, Arthur Beetson ya jagoranci Queensland ta ci 20-10, daga baya ma ta yi shekara takwas a jere tana lashe gasar, 2006 zuwa 2013. A ɗaya gefen akwai Leichhardt Oval, mai tudun ciyawa da tsohon allon maki da mutum wajen dubu ashirin, inda Wests Tigers, haɗakar Balmain da Western Suburbs, ke buga 'yan wasanni kaɗan a shekara, don kuɗin da yake kawowa bai kai ƙaunar da ake yi masa ba.

Gadon wasan bai tsaya kan kofuna ba. A Faransa gwamnatin Vichy ta zamanin mamayar Jamus ta haramta shi a 1941 ta ƙwace dukiyarsa, duk da haka Faransawan ne suka shirya kofin duniya na farko a 1954, wanda Birtaniya ta ci. Clive Sullivan, baƙar fata ɗan Cardiff, ya ɗaga wa Birtaniya kofin duniya a matsayin kyaftin a 1972, babbar hanyar shiga Hull sunansa gare ta. Billy Boston, shi ma ɗan Cardiff, yana cikin mutum biyar na mutum-mutumin da ke Wembley, kuma sai a 2025, shekara 130 bayan zaman Huddersfield, ya zama ɗan wasan rugby league na farko da aka ba sarautar Sir. Otal ɗin George kansa an rufe shi a 2013.

Yanzu Ingila ta fito da maganar fili ƙarara cikin doka. Daga kakar 2025 shiga Super League ya koma bisa awon maki 20, wanda abin da ƙungiya ta yi a cikin fili maki 5 ne kawai daga ciki. Sauran na yawan magoya baya ne da lafiyar asusu da yankin da ƙungiya ke ciki, filin wasa shi kaɗai yana da maki 3, ana duba mallakarsa da kujeru da fitilu da babban allo da wurin 'yan talabijin. Ta wannan awo ne Bradford, wadda aka rushe saboda bashi a Janairun 2017 aka sake kafawa, ta sami gurbin komawa Super League a kakar 2026, a cikin ramin nan na Odsal.